Ƙullin da Baba Bai Kwance Ba

Da ƙarfe takwas daidai na safiyar ɗaya ga Janairu, a shekarar da ta biyo bayan ƙarewar yaƙin basasa, aka buga ƙarfen majami'armu. Na tabbatar da lokacin domin mai bishararmu kaɗai ke da agogo, kuma ba a bugawa sai ya duba. Waɗanda suka halarta su ne mai bishara da matarsa, Kaka, wato mahaifin Baba kuma dattijon ikilisiya, sai Baba da Inna da Gwaggo, da sauran gidaje takwas na ƙauyenmu da ke tsakanin Gaya da Ajingi. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina zaune a tabarmar mata, ɗakin duk ya cika da warin sabuwar igiyar rama.

Bari in yi maka bayanin igiyar, mai karatu. Aikin da ikilisiyarmu ta ɗaukar wa kanta uku ne: kai Maganar Allah ga 'yan'uwa na nesa, duba marasa lafiya, da koya wa manya karatu. Yawancin iyayenmu ba su iya rubutu ba, saboda haka ba a rubuta alkawari, ɗaure shi ake yi. Da farko mutum zai miƙe ya faɗi abin da zai yi a shekara. Sannan ya yi ƙulli a igiya, kowane aiki ƙulli guda. Sannan a rataye igiyar a jikin jinka. In shekara ta zagayo, ya sauko da ita a gaban jama'a, ya kwance abin da ya cika.

A igiyar Baba akwai ƙulli goma sha biyu. Can wajen Toranke akwai wani tsoho makaho, mai bi ne shi kaɗai a tsakiyar maƙwabta Musulmi, su ne ma ke ciyar da shi. Baba ya yi alkawarin zuwa kowane wata ya karanta masa Littafi. Yakan tafi ranar kasuwar Ajingi, ya gama cefane ya wuce. Ya je sau bakwai. Daga nan damina ta yi ƙarfi, rafin hanya ya cika, sai ya riƙa tsayawa a kasuwa ya juyo. Mutane na ganin fitarsa a kan keke, ba wanda ya san bai ƙarasa ba, sai Inna, da ta lura ranar kasuwa Littafin na kwance a akwati.

Ga kuma wani abu. Ƙafafun Kaka sun gaji, an riga an shirya a ranar nan za a miƙa wa Baba dattijantakar ikilisiya, bayan an kwance igiyoyi.

Da safen, muna shan koko, Inna ta ce, "Maigida, nawa za ka kwance?"

Baba ya ci gaba da shan kokonsa.

Ta ce, "Ni dai ba zan buɗe baki a can ba. Amma idona zai kasance a buɗe."

Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka fara sauko da igiyoyi. Bara Gwaggo ta ɗaure ƙulli uku, na koya wa mata uku karatu. Ta kwance biyu ta tsaya. "Ta ukun nan, kanta ya fi dutsen niƙa tauri." Matar ta amsa daga baya, "Malamar ce dai ba ta da haƙuri!" Aka yi dariya, har mai bishara.

Sai aka zo kan Baba. Ya kwance na ɗaya, ya ce, "Na cika." Haka har na bakwai. Ya sa yatsa a kan na takwas, ya daɗe. Inna ta ƙura masa ido. Sai ya sauke hannu.

Kaka ya ce, "Ci gaba mana."

Ya ce wa mahaifinsa, "Baba, nan na tsaya."

"Me ya tsayar da kai?"

"Da fari ruwa. Sannan cirar gyaɗa. Sannan kunya."

"Ruwa ya janye, gyaɗa ta shiga buhu. Kunyar fa?"

"Ita ce na kawo yau."

Kaka ya dogara sanda ya miƙe, ya yanke magana uku, ban manta jerinsu ba. Na ɗaya, batun dattijantaka an ajiye shi, ba bana ba. Na biyu, biyar ɗin nan sai an cike su, a kan sabbin goma sha biyu na bana. Na uku ne ya faɗa da murya mai nauyi. Ya ce, "Wata biyar tsohon nan yana jira, ni da nake dattijo ban taɓa tambayar lafiyarsa ba. Mun aiki mutum ɗaya, mun koma gonakinmu. Daga yau ba mai ɗaure igiya shi kaɗai. Mutum biyu, igiya ɗaya, kowa ya zama mai tambayar ɗan'uwansa."

Haka aka sabunta alkawari a shekarar. Biyu-biyu suka miƙe. Kawu, ƙanen Inna, ya kama ɗaya bakin igiyar Baba. Mai bishara ya yi addu'a, muka amsa da amin, muka fita rana shan ɗumi.

Washegari, ba ranar kasuwa ba ce, Baba da Kawu suka tafi. Kawu ne ya ba mu labari. Wani malami maƙwabcin tsohon ya tare su a ƙofa, ya ce, "Kun kyauta da kuka zo. Duk ranar kasuwa sai ya sa an fitar masa da tabarma, ya zauna har la'asar." Tsohon kuwa, da jin sallamar Baba, ya ce, "Ɗan dattijo, ashe sai yau rafin ya janye?" Baba ya durƙusa zai ba da haƙuri. Tsohon ya ce, "Tashi. Daga inda ka tsaya za ka ɗora."

Sau biyu a wata suka riƙa zuwa, ɗaya na sabuwar igiya, ɗaya na tsohuwa. Sun cike huɗu na tsohuwar. Kafin na biyar, a farkon faɗuwar ruwa, tsohon ya rasu. Da shekara ta zagayo, mai bishara ya ce wa Baba ya kwance na ƙarshen, tunda wanda aka yi wa alkawarin ya tafi. Baba ya ce, "Ban je ba." Ya bar shi. Bayan shekara uku aka ba shi dattijantakar, ya riƙe ta har ya tsufa, igiyar nan kuwa tana cikin akwatinsa tare da Littafi. Yanzu tana wurina, ta yi baƙi, ƙullin ya taurare.

Yau majami'ar ta bulo ce da rufin kwano. Kowace sabuwar shekara akan buga taken aiki a kan ƙyalle da manyan haruffa, kowa ya iya karantawa, a tafa. Ban ce ba shi da kyau ba. Amma ban taɓa ganin an sauko da ƙyallen bara an tambayi wani nawa ya cika ba.

Saboda haka ga roƙona. Kafin ka miƙe a taron sabuwar shekara ka ɗauki sabon alkawari, fara da na bara. Ka tuna sunan wanda ka ce za ka je wurinsa ba ka je ba. Ka faɗa wa mutum ɗaya wanda zai tambaye ka. Sannan ka je cikin makon nan, tun ana fitar masa da tabarma.