Rasit ɗin Yaya Mariyama

Ba a haife ni mazambaci ba, kuma ba yunwa ce ta kai ni ba. Ku fara sanin wannan, ya ku matasa, don kada wani ya tausaya mini fiye da kima. A Maraɗi aka haife ni, a Kano na yi makaranta a hannun kawuna, saboda haka na tashi da Turanci a baki da ɗan Faransancin gaisuwa da ciniki. Ina da kyan rubutu, har gobe ina alfahari da shi. Da bizar caca, wadda ake rabawa ta hanyar ƙuri'a, na shigo New York, na yi shekaru ina tuƙin tasi, na zama ɗan ƙasa ba tare da na yi wa kowa ƙarya ba. A lokacin in ka tambayi mutanen kirki a masallacinmu na unguwar Tremont, kafin a ambaci biyar an ambace ni.

Akawu ake ce mini. Duk wanda wasiƙar Turanci ta zo masa, wurina yake kawowa bayan sallar Juma'a, in karanta masa, in fassara, in cika masa fom in akwai. Ban karɓi ko sisi ba a shekarun farko. Addu'a ake biyana da ita, wani lokaci da kwanon dambu, kuma wallahi na fi jin daɗin rayuwata a lokacin.

Yawancin masu zuwa wurina masu neman mafaka ne, kuma abin da ke hana su sakat abu ɗaya ne, katin izinin aiki. Mutum in ya shigar da buƙatar mafakarsa, sai ya jira kwana ɗari da hamsin kafin ya nemi katin. In katin ya zo, da ranar mutuwarsa a jikinsa yake zuwa, dole a sabunta shi kafin ranar. Idan ofishin shige da fice ya karɓi takardun sabuntawa, sai ya aiko da wasiƙa mai ɗauke da lamba. Ita muke kira rasit. A wancan lokacin, in kana da tsohon katinka da wannan rasit, wurin aikinka na iya ci gaba da riƙe ka har sabo ya iso. In babu, sai a ce ka zauna a gida.

Wani Batahuwe ɗan ƙasarmu mai sayar da huluna da tabarau a bakin titi ne ya fara buɗe mini ƙofar, shi ma bai san ya buɗe ba. Na gama cika masa fom na katin farko, ya ce, "Akawu, nawa gwamnati ke amsa?" A lokacin katin farko kyauta ne. Na buɗe baki zan faɗa masa haka, sai na ga hannunsa ya riga ya shiga aljihu. Na yanka masa kuɗi. Ya biya, ya kama hannuna biyu ya yi ta sa mini albarka. Abin da ya kamata ya tsorata ni a ranar shi ne ban ji komai ba, har abincin rana na ci da daɗi.

Kafin shekara ta zagayo na ajiye tasi. Na kama tebur a bayan wani shagon waya a titin Grand Concourse, na sayi inji mai buga takarda da kujeru uku. Na fito da wata dabara da nake ganin ta fi ta kowa: adireshin teburina nake sa wa kowa a fom. Nakan ce, "Gidajenku mutum takwas ne a ɗaki biyu, wasiƙa ɓacewa take yi." Kowa ya ce Akawu ya yi tunani. Da haka duk wasiƙar da gwamnati za ta aiko wa mutum sai ta biyo ta hannuna, in ba ta zo ba kuwa ni kaɗai na sani.

Sabuntawa ita ce ke da kuɗin gwamnati na gaske, ita ce kuma ta halaka ni. Aka kawo mini na wani, na ce bari in yi wata hidima da kuɗin, mako mai zuwa in aika. Na jefa ambulan ɗinsa cikin wani tsohon akwatin tafiya da ke ƙarƙashin tebur. Mako mai zuwa ya zo da nasa hidimar. Na sayi mota, na ɗinka shadda, a wurin suna da ɗaurin aure ana kiran sunana da lasifika. In mai takarda ya zo sai in girgiza kai in ce, "Ka san mutanen nan da jinkiri." Da ma jinkirin gaskiya ne, kowa ya san wani da ya daɗe yana jira, sai na ɓuya a bayansa.

Za ku ce, ba wanda ya nemi shaida? Ku da kuka tashi a nan, ko ruwan kwalba kuka saya sai an miƙo muku takarda. Iyayenku ba haka suke ba. A wurinmu, ka ba ɗan garinku amana sannan ka ce ya nuna maka rasit, daidai yake da ka kira shi ɓarawo a gaban jama'a. Mutum ya gwammace ya yi asara da ya ji wannan kunyar. Na san haka sarai, da shi na ci abinci. Mutum ɗaya ne ya taɓa karya mini wannan al'ada, wani direba ɗan zangon Kumasi. Ya ajiye kuɗinsa ya ce, "Massa, receipt ɗin fa? Ni ba na wasa da paper." A ranar na aika nasa, har da gudu na je gidan waya.

Sai Yaya Mariyama ta zo. Ƙawar yayata ce, unguwarmu ɗaya a Maraɗi, ta san ni tun ina yawo ba wando. Abin da ya koro ta daga gida na sani, don ni na fassara mata shi, amma nata ne, ban taɓa faɗa wa kowa ba kuma ba zan fara yau ba. Aikin kula da tsofaffi take yi a ƙarƙashin wani kamfani. Sun ba ta wata tsohuwa a unguwar University Heights, tana yi mata wanka, tana ba ta abinci da magani, sun shaƙu har tsohuwar ta koyi cewa "sannu". Ba ta karanta Turanci, amma ranar mutuwar katinta a haddace take. Saura wata huɗu ta zo, da takardunta da kuɗinta cikin ambulan, ta sa a leda, ta ɗaure bakin ledar da wani shuɗin ƙyalle.

Ta ce, "Ƙanena, ga dosiyena, takarduna ke nan duka. Bayan Allah sai kai."

Na ce, "Yaya, ki ɗauka an gama."

Tana fita na jefa shi cikin akwati. Kuɗin ma ban taɓa ba, na ce nata daban ne, gobe da safe zan aika. Amma aika nata yana nufin in zauna in buɗe akwatin nan in ga sauran, ni kuwa na daina son ganin cikinsa.

Sau uku tana dawowa. A zuwa biyun farko sai ta zauna ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta tambayi mutanen gida, ta ba ni labarin tsohuwarta, ta tashi ba ta tambayi abin da ya kawo ta ba. Ina kallon tambayar a bakinta, ina kallon kunya tana mayar da ita. A zuwa na uku ne ta daure ta ce, "Company sun ce in work permit ɗin ya ƙare, sai na kai musu wata takarda." Na ce mata tana hanya. Ta ce, "To, Allah ya kawo ta," ta ajiye mini kwanon tuwo ta tafi, ni kuma na cinye.

Katin ya mutu, kamfani ya dakatar da ita. 'Yar tsohuwar nan, Ba'amurkiya ce, ita ba ta san wata kunyar ɗan gari ba. Ta ce a ba ta lambar rasit ta duba. Da ta ji babu, sai ta ɗauki Yaya Mariyama ta kai ta wurin wata lauya mai taimakon baƙi kyauta. A nan aka gano ba a taɓa aika komai ba.

Da hantsi Yaya Mariyama ta shigo shagon. Ba ta zauna ba, ba ta gaishe ni ba. Tunda nake ban taɓa ganin Yaya Mariyama ta fara magana ba gaisuwa ba, nan take na san ta ƙare.

Ta ce, "Ba ni rasit."

Ina da ƙarya uku a shirye, kowace ta sha yi mini aiki. Ban san abin da ya hana su fita ba. Na sunkuya na jawo akwatin, na buɗe shi a gabanta. Ledarta na sama-sama. Ta ɗauka, ta juya ta, ta dubi shuɗin ƙyallen da ƙullin da ta yi da hannunta.

Ta ce, "Ko kwancewa ba ka yi ba."

Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta rungume ledarta ta fita.

Bayan 'yan makonni 'yan sanda suka zo suka tafi da ni. A nan ne zan faɗa muku abin da nake ɗaga kai da shi. Lauyan da aka ba ni ya duba takardun ƙarar ya ce ina da hanyar fita. Ba wanda ke da shaidar ya ba ni komai, hannu da hannu aka yi, kuma yawancinsu masu neman mafaka ne, jin sunan kotu kawai na tsorata su, ba za su zo ba. Wato kunyar da na yi sata da ita, ita ce kuma za ta wanke ni. Na ce masa a'a. Na nemi takarda da biro, na rubuta sunan duk wanda ambulan ɗinsa ke cikin akwatin, da lokacin da ya kawo mini, na rubuta cewa laifin jinkirin nawa ne ba nasu ba, na sa hannu. Ban taɓa yin rubutu mai kyan na ranar ba. Na amsa laifina a gaban alƙali da bakina, ba a sa ko mutum ɗaya cikinsu ya tsaya a kotu saboda ni ba.

Shekara biyu da 'yan watanni na yi a wani kurkuku can arewacin jihar. Ba zan ƙawata muku shi ba. Akwai sanyi, akwai wulaƙanci, kuma mahaifiyata ta rasu ina ciki, a waya aka gaya mini. Can ma da aka ga rubutuna sai aka fara kawo mini wasiƙu. Na koma Akawun farko, wanda ba ya karɓar komai.

Da na fito na samu aiki a wani shagon nama a Tremont, ina yanka ina aunawa. Juma'ar farko na roƙi liman ya ba ni minti biyar. Na tsaya a gaban mutanen da na cuta da waɗanda suka yi ta kiran sunana a lasifika, na faɗi abin da na yi ba ragi, na nemi gafara. Wasu sun ba ni hannu, wasu sun ɗauki takalmansu sun wuce, kuma suna da gaskiya. A nan na ji sauran labarin Yaya Mariyama. Lauyar nan ta aika takardunta, katin ya zo, amma sai da ta yi watanni ba aiki, tana kwana a falon wata 'yar garinmu. Kafin ta koma, an kai tsohuwarta gidan kula da tsofaffi, can ta rasu ba su yi sallama ba. Wannan ba abin da zan iya mayar mata ba ne, na sani.

Na aika a ba ta haƙuri sau biyu, ba amsa. Na haƙura.

Wata Asabar ina sara ƙashi sai na ji sallama. Ita ce, da farar ambulan a hannu. Lokacin sabuntawa ya sake zagayowa, ta je wurin lauyarta tun da wuri, ga wasiƙa ta zo. Na goge hannuna a gaban riga na miƙa.

Ta janye. Ta ce, "A'a. Karanta mini dai, kada ka taɓa."

Na mayar da hannuwana baya. Ta buɗe takardar ta riƙe ta a gaban fuskata, na karanta da ƙarfi har masu jiran nama suna ji. Sunanta ne, adireshin ɗakinta ne ba na wani ba, ga lamba, an karɓi takardunta. Na fassara mata kalma bayan kalma.

Ta ce, "Haka lauya ta ce. Na so in ji ko za ka faɗi daidai." Ta ninke takardarta ta sa a jaka. Sai ta dube ni ta ce, "Ina kwana, ƙanena? Ya iyali?"

An sha kiran sunana a taro, amma ban taɓa jin girma irin na wannan gaisuwar ba.

To, ku matasa, ku ne masu Turanci yanzu, ku ake miƙo wa wasiƙa a gida da masallaci. Ranar da wani dattijo zai tambaye ku nawa ne alhali kyauta ne, hannunsa na cikin aljihu, ku tuna da ni, don daga nan na fara. Dokokin katin nan suna canzawa, abin da na sani jiya ba lallai ya yi aiki yau ba, saboda haka ku raka iyayenku wurin lauya na gaskiya, ku yi musu tafinta, kada ku zama lauyan da ba ku ba. Ku sa adireshinsu, ba naku ba. Ku sa su fara sabuntawa da wuri. In kunya ta hana su tambaya, ku ku tambaya a madadinsu, da ƙarfi, a gaban kowa. Ku nemi rasit a hannun ko wane ne, ko ɗan garinku ne, ko limaminku ne, ko ni ne.