Mai Ɗaukar Akwatin Lamba

Malam Edita, a shekarun da suka rage kaɗan a ba mu mulkin kai, ni saurayi ne mai ji da kansa, malamin lamba a ƙasar Kalgo. Ina da keke, ina da farar riga mai aljihu biyu, kuma ina ganin duk duniya babu wanda ya san maganin agana sai ni. Aikina shi ne in bi ƙauyuka ina tsaga damtsen mutane ina sa musu maganin rigakafi. Yau na tsufa, akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na rubuto.

An haɗa ni da wata mata da mijinta ya rasu, ɗiyar wanzami ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, ina ce mata Inna. A takarda aikinta ɗaukar akwatin magani ne da jiƙa tsumman da muke naɗe shi don kada zafi ya lalata shi. Amma duk gidan da muka je, iyakata zaure. Maza da yara su fito in yi musu, matan kulle kuwa ba mai miƙa wa baƙon namiji damtse. Sai Inna ta karɓi allura ta shiga ciki. Da ido ta koya, ga hannun gado mai sauƙi, har mata kan ce ba su ji lokacin da ta tsaga ba. Bayan mako in mun koma dubawa, nata sun fi nawa kamawa. Na sani sarai, ban taɓa faɗa ba, kuma a rahoto sunana kaɗai nake rubutawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wata rana babbanmu ya zo rangadi. Ya yi mamakin yawan matan da aka yi wa lamba, ya ce an ba shi izinin ƙara malami ɗaya, kuma ya ji ƙishin-ƙishin cewa matar nan ta iya aikin, in gaskiya ne zai sa sunanta ta zama daidai da ni. Kalmar nan ta daidai da ni ita ta tsaya mini a wuya. Na tuna abokaina na dandali da irin dariyar da za su yi in aka ce ni da tsohuwa kujerarmu ɗaya. Na buɗe baki na ce ai ba ta san komai ba sai ɗaukar kaya, ni ne nake lallashin masu gida har su bar ni in shiga. Tana tsugune a gindin bango tana matse tsumma, ta ji komai, ko kai ba ta ɗaga ba. Aka ɗauki wani namiji, aka ce tunda mun zama biyu ma iya ɗaukar akwatinmu, aka sallame ta.

Da rani aka tura mu ƙasar Gwandu, domin agana ta ɓulla wajen Dalijan da Dodoru. Nan ƙaryata ta kama ni. Mu biyu muka riƙa tsayawa a zaure kamar masu jiran sadaka, mu yi wa maza mu wuce, mata suna ciki ba wanda ya taɓa su. Ana haka sai ga Inna ta iso masaukinmu da hantsi, ƙafafunta duk sun faffashe don tafiya. Ta gaishe ni, tana ce mini Malam kamar yadda ta saba. Ta ce ɗiyarta guda ɗaya tana aure a Dalijan, tana da goyo, ba a taɓa yi mata lamba ba. Ta roƙe ni in ba ta magani kaɗan da allura ta shiga ta yi mata, ta yi wa matan unguwar, ba ta neman a rubuta sunanta ko'ina. Abokin aikina yana zaune yana kallo. Na san in na ba ta, ya gane abin da na ɓoye. Sai na ce doka ta hana a ba wanda ba ma'aikaci ba, alhali ni ne na hana ta zama ma'aikaciyar. Ta ce to Allah ya ba da sa'ar aiki, ta juya.

Ba a yi wata ba ɗiyar ta kamu, ta rasu, jaririn ya bi ta. Na je ta'aziyya, a nan ma iyakata zaure. Na aika ciki cewa ina neman gafara. Amsar da ta aiko ita ce ta yafe nata, amma akwai sauran mata a gidan da ba su kamu ba, in na zo da akwatin in miƙo. Na miƙa. Tana cikin zaman makokin ɗiyarta ta yi musu lamba, kuma duka ta kama. Daga baya na je na faɗa wa babbanmu gaskiya, ya aika mata ta dawo aiki, ta ce ta gaji, ta koma garinsu. Ban sake ganinta ba.

Yanzu ina jin jikokina suna gardamar ko mace za ta taɓa zama daidai da namiji a wurin aiki. Ni dai na ga wadda ta fi ni, kuma ba rashin iyawa ya hana ta ba, bakina ne. Ban sani ba ko za a kai ga ranar da hakan zai tabbata, domin masu irin halina ba su ƙare ba. Ina roƙon duk wanda aka tambaye shi game da aikin abokiyar aikinsa ya faɗi abin da idonsa ya gani, ko da za a yi masa dariya. Dariyar da na guje wa da ba ta wuce kwana biyu ba, ga shi na tsufa ina ɗauke da mutum biyu a wuyana.