Takalmin Birkin Moton Baba

Ni da taubashina rana ɗaya aka kai mu koyon gyaran moto, wato babur, rumfa ɗaya, maigida ɗaya. Shi ɗan gwaggona ne, ƙanwar Baba, kuma na girme shi da damina biyu, abin da ban taɓa bari ya manta ba. Da maigida ya sallame mu, na kafa rumfata a hanyar kasuwar Dakoro. Shi kuma, don neman magana, ya kafa tashi a tsallaken hanya daidai saitina, ta yadda ko ruwa na ɗaga zan sha sai na ga wanda ya shiga wurinshi.

Kuma ana shiga! Ranar kasuwa makiyaya su taho daga Tagriss da Azagor, kowa da motonshi, su wuce ni kamar ba su ga mutum ba, su jeru a gabanshi. Ni ina zaune ina korar ƙuda. Wallahi bai fi ni hannu ba. Injin da zai kwana biyu yana lalube, ni kafin azahar na tashe shi. Abu guda ya kama mutane da shi, takalmin birki.

Ga wanda bai sani ba, wasu ƙarafa ne guda biyu masu lanƙwasa da ke cikin ƙafar moto, an manna masu fata mai kauri a baya. In ka taka birki, fatar ce ke kama ƙafar ta tsai da ita. Na asali yana da nauyi a hannu, yana kamawa a hankali, yana daɗewa. Jabu kuwa fatarshi kamar toka ce aka danƙare. Ya yi zafi a gangare ya ƙi kamawa, ya sha ruwan damina mannin ya saki, wani lokaci fatar ta ɓalle ta cije ƙafar gaba ɗaya ta kayar da mutum. Amma a ido duk ɗaya suke, kuma kuɗin na asali guda zai sayi jabu uku.

Taubashina ba ya sa jabu ko za ka yi mashi kuka. Yana da wata al'ada da ke ƙona mani rai. Sai ya buɗe kwali a gaban mai moto, ya aza mashi takalmin a tafin hannu ya ji nauyi, ya kankare fatar da farce ya nuna ba ta zubar da gari, sannan ya yayyaga kwalin don kada wani ya tsinta ya zuba jabu a ciki. In ya gama aiki, ya miƙa wa mutum tsohon da ya cire. Ni wasan kwaikwayo nake ce ma wannan. Nakan ɗaga murya daga tsallake:

"Taubashi, yau ma an buɗe fim ɗin? A Dakoro wa ke buƙatar birki? Ka saki wuta, rairayi ya tsai da kai!"

Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Rairayi ba ya tsai da jaki in ya faɗo hanya, tsoho."

Har zuciyata na yarda da maganata. Ƙasarmu rairayi ce, rabin masu moto da ƙafafunsu suke ƙarasa tsayawa. Na sa wa mutane jabu ba iyaka, ban ji wanda ya mutu ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne Baba. Uban da ya haife ni, in motonshi ya yi tari, sai ya turo shi ya wuce ta ƙofar rumfata, ya ce mani "sannu da aiki", ya tsallaka wurin ɗan ƙanwarshi. Ya zauna a benci suna hira, taubashi yana "Kawu kaza, Kawu kaza", ni ina nan ina murɗa noti ɗaya har ya lalace. Ban nemi komai a duniya ba kamar in ji Baba ya ce a gaban mutane, "Ɗana ne ya gyara mani." Sau ɗaya kawai.

Inna ce ta gaji da ganin fuskata a murtuke. Ban san mi ta faɗa mashi ba, amma wata safiya, gab da faɗuwar damina, sai ga Baba ya tsaya a rumfata, ya kafe moto. Na miƙe har ina tuntuɓe da galan.

"Birkin baya ya cinye," ya ce. "Ka sa mani na asali. Ka san ina ɗaukar uwarka zuwa Mai Yara."

A Mai Yara gonar gujiyarmu take, can kuma dangin Inna suke, duk damina suna kan wannan hanya. Akwai wani gangare kafin a kai, in ruwa ya sauka yakan zaizaye.

Ina da na asali a rumfa, wannan ya kamata in faɗa. Hannuna ma ya kai kanshi. Sai na ɗaga ido na hango taubashi yana kallonmu daga tsallake yana murmushi, irin murmushin wanda ya ba ka aron abinshi. Nan shaiɗan ya hau kaina. Akwai wani kwalin na asali da na ɓoye bai yage ba. Na shiga bayan labule na zuba jabu a ciki, na fito na buɗe a gaban Baba, har da yayyaga kwalin kamar yadda taubashi ke yi. A hannu ne kawai ban aza mashi ba. Dabarata ita ce in bari damina ta wuce, Baba ya yi ta yabon birki, sannan in kwance ƙafar a gaban jama'a in ce, to ga jabun da kuke zagi, ina bambancin?

Baba ya hau, ya taka sau biyu, ya ce, "Allah ya yi albarka." Ya tafi. Na ga ya tsaya a tsallake suna gaisawa da taubashi, sai wani mai kabu-kabu ya shigo mani da aiki, ban ƙara waiwayawa ba.

Damina ta sauka sosai a shekarar. Duk ranar da na ga Inna ta hau bayan Baba da ƙullin kayanta, sai tsoro ya kama ni, in kasa cin abinci sai sun dawo. Sau biyu na yi niyyar in ce ya kawo in duba, in canza a ɓoye. Amma da yamma Baba ya zauna a dakalin ƙofar gida ya ce wa abokanshi, "Birkin nan kamar an riƙe ka da hannu," sai daɗi ya kashe ni, tsoron ya gudu. Na lura bai taɓa faɗin wanda ya sa ba. Na ce a raina, ranar tana zuwa.

Bayan an cire gujiya na zaɓi ranata. Da la'asar ce, dattawa sun cika dakali, taubashi ma ya zo gaishe da Inna. Na fito da kayan aikina na durƙusa gaban moton Baba.

"Baba, birkin nan ya taɓa ba ka kunya a gangaren Mai Yara?"

"Ko sau ɗaya," ya ce.

"To jama'a ku shaida. Taubashi, matso kusa, yau fim ɗinka ya ƙare. Abin da Baba ya yi damina yana yabo, jabu ne!"

Ba wanda ya yi dariya. Taubashi ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Bar shi mana, tsoho. Mu je ciki mu yi magana." Na ɗauka tsoro ne ya kama shi, na ƙara sauri. Na kwance ƙafar, na zaro takalmin na ɗaga sama.

Tun kafin idona ya gani, hannuna ya gaya mani. Nauyin ba na abin da na sa ba ne. Na kankare fatar da farce, ba gari. Na asali ne, ya ɗan ci kaɗan, lafiyarshi lau.

Baba ya tashi ya shiga gida, ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance a kan dakali. Jabuna ne guda biyu, sabbi fil, ko ƙura ba su sha ba.

"Ranar da ka sa, da na tsaya gaishe da ɗan'uwanka ya ji kukan birkin," in ji Baba. "Ya ce in kai mashi moton gida da azahar zai ɗaure mani sarƙa. Ina tsaye ya buɗe. Ya sa nashi, bai karɓi ko dala ba, ya roƙe ni kada in faɗa ma kowa, har uwarka. Ya ce ƙila kai ma cutarka aka yi a wurin saye."

Ya dube ni, sannan ya ce, "Na so in yarda da haka. Wata huɗu ina so in yarda."

Wani dattijo ya yi salati. Inna tana tsaye a bakin zaure, ashe ta ji komai. Ta juya ta koma ciki.

Ya kamata in ce kunya ce kaɗai ta rufe ni, amma ba zan yi ƙarya a tsufana ba. Ina durƙushe da takalmin a hannu, abin da ya fi ci mani rai shi ne ko a rufin asiri ma taubashi ya fi ni. Shi ya karɓi takalmin daga hannuna ya mayar, ya ɗaura ƙafar.

Tun daga ranar ban sake sa wa kowa jabu ba. Na koyi aza takalmi a tafin mutum, na koyi yaga kwali, har makiyaya suka fara tsayawa wurina. Baba ya ƙara shekara shida yana hawan moton nan kafin ƙafafunshi su gaza. A shekarun nan duka, in ya turo shi, yakan tsaya a ƙofar rumfata ya ce mani "sannu da aiki", ya tambayi yara, sannan ya tsallaka.