Labarin Asiyatu Mbwana da Na Riƙe

Daga Allah muke, gare Shi kuma komawarmu take. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, ɗiyarki Patuma ta kira ni daga Mangochi ta ce Allah ya karɓi ranki bayan jinyar kwana biyar. Ina zaune a shagona a Zomba, na rasa wanda zan juya in faɗa wa.

Yaya Asiyatu, shekara tara ke nan da na buɗe 'yar mujallarmu ta gajerun labarai a intanet, ni ne edita, ni ne ɗan aike. Duk labarin da na ɗora, kafin shayina ya huce sharhinki ya sauka a ƙarƙashinsa. Marubuta da yawa ke kaɗai ce kika taɓa ce musu sannu. Wata malamar makaranta daga Balaka ta shaida mini ta riga ta haƙura da rubutu, sai ta ga kin bar mata layi uku na yabo da layi ɗaya na faɗa a kan waƙafi. Shekara talatin kika yi kina rarraba wasiƙu a gidan waya, kuma kina cewa babu zalunci kamar mutum ya rubuto a ƙi ba shi amsa.

Sai a bara kika aiko mini da naki, a waya kika buga shi da yatsa ɗaya, guntu-guntu. Labarin matar masunci ne da tafki ya cinye mijinta. A ƙarshe ba ta yi komai ba, nsima, wato tuwon masara, ta tuƙa malmala biyu, ta ci ɗaya, ta rufe ɗaya.

Burinki ɗaya ne, in shigar da shi gasar gajerun labarai ta shekara-shekara, ko da sunanki kawai zai fito a cikin jerin farko jikokinki su gani. Ƙa'idar gasar kuwa kin san ta: sai labarin da aka wallafa a intanet kafin ƙarshen Janairu, kuma edita ne ke miƙawa. Ni kuma da iyayina na ce ƙarshen ya yi sanyi, alƙalai sun fi son wanda zai girgiza su. Sau huɗu na mayar miki da shi. A na huɗun kika hau ƙaramar bas kika zo har shagona da soyayyen kifin chambo a ƙunshin takarda.

"Achimwene," kika ce, wato ƙanina, sunan da kike kirana da shi, "kai ka taɓa dafa abincin mutum biyu ka ci kai kaɗai?"

Na ci kifinki, na yi dariya, ban sauka daga ra'ayina ba. Janairu ya wuce muna ja-in-ja. Na ce ba komai, akwai baɗi. Kika ce, "To, edita, kai da Allah ya ba ka baɗi a aljihu."

Bayan jana'iza na sake buɗe ƙa'idojin. Ta bakwai, wadda na sha karantawa ban taɓa kula da ita ba, ta ce marubuci ya kasance yana raye ranar miƙawa. Laifin nawa ne, kuma ina jin kunyarki ƙwarai.

Ranar Jumma'a na ɗora labarin yadda kika rubuta shi, ban taɓa ko waƙafi ba. Mutum ɗari biyu da sha ɗaya sun buɗe shi. Ina ta leƙa ƙarƙashinsa safe da yamma, har yau wurin sharhi fayau yake, don mai fara rubutawa ba ta nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Patuma da ƙannenta da jikoki, da duk dangin Mbwana. Allah ya jiƙanki, Yaya, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya ba su haƙurin rashinki. Ni kuma ya sa kin yafe mini amsar da na jinkirta.

Twaibu Chilungo, Zomba