Inna Hure da Jemagun Kogon Kuka

A wani ƙauye kusa da Shanono, duk wanda ya tambayi gonar Inna Hure sai a nuna masa wata tsohuwar kuka mai kogo. Tun tana amarya mijinta, marigayi Malam Basiru, ya koya mata share kashin jemagun da ke cikin kogon a zuba wa barkono a matsayin taki. Bayan rasuwarsa ta ci gaba, da ƙwaryarta da tsintsiyarta. Takan yi sallama kafin ta leƙa. In ta ga 'ya'ya maƙale a ƙirjin uwayensu kuwa, sai ta ƙaurace wa wurin har su yi ƙwari.

Shekarar da wani abu ya yi ta cinye wa maƙwabcinta Hashimu mangwaro, sai ga shi da hantsi ɗauke da damin kara da ashana. Ya tarar da ita zaune a bakin kogon.

"Inna, ki matsa in ƙone su. Sun gama min da lambu."

"Haba Hashimu," in ji ta, "waɗannan da ba su kai yatsana tsawo ba? Kai dai sai ka haɗa da ni."

Maganar ta kai gaban dagaci. Shi kuma ya aika wa Rukayya, 'yar garin da ke binciken namun daji a jami'a. Da ta zo, ta murje kashin a tafin hannu, ta nuna wa Hashimu ɓurɓushin fukafukan ƙwari.

"Ƙwarin gona suke ci, Malam. Irinsu kuma sun kusa ƙarewa. Shekara uku ina nemansu."

Hure ta tambaye ta ko hukuma ta san da zamansu. Rukayya ta ce za ta rubuta, amma takarda tana daɗewa a ofis. Dagaci bai jira ba. Ranar Juma'a ya sa aka yi shela: ba wuta, ba gatari a gindin kukar nan.

Kafin Rukayya ta tafi, ta ɗora wa Hure jemage ɗaya a hannu. Shekara arba'in da biyu Hure tana share kogon, ba ta taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ta ji zuciyarsa tana bugawa da sauri, sai hawaye ya zubo mata.

Yanzu gwiwa ta hana ta zuwa gona. Hashimu ne ya kewaye kukar da ƙaya, kuma kullum ya dawo sai ya biya ta gidanta ya gaishe ta.