Kifin Da Na Kamo Wa Kande

Ku 'yan boko masu latsa waya, na san kafin in gama za ku ce tsufa ne ya taɓa ni. To ku ce. Ni dai ko firamare ban ƙare ba, amma wallahi tallahi abin nan a kaina ya faru, shekarun baya, a dam ɗin da ke yamma da ƙauyenmu ta wajen Dawakin Tofa.

Manomi ne ni, kamun kifi kuwa na rani ne, idan an gama kai amfanin gona rumbu. A shekarar matata Kande tana kwance, ta daina cin komai, ko kunu sai ta kau da kai. Ran nan da safe ta ce, "Malam, romon kifi nake sha'awa, na fatsarka, ban da na kasuwa." Na ce ashe yau kin tuna mijinki gwani ne. Ta yi ɗan murmushi.

Lokacin sanyi ya fara sakin jiki, zafi bai kama ba, kifi duk ya lafe a ƙasa. Tun hantsi nake jefawa nake canja tana, har na yi azahar a bakin ruwa, ko motsi. Ruwan ya ja baya sosai, har ana hango kututturan tsohon ƙauyen da dam ya cinye, inda aka haifi Kande. Masunta idan sun zo daidai nan sallama suke yi, domin akwai maƙabarta a ciki. Ni ma da na matso wurin na yi, kamar kullum.

Sai aka amsa.

Na waiga, ga wata tsohuwa a tsugune tana wanke ƙwarya, da zanen saƙi baƙi, alhali fili ne fetal, da ta taho da na gan ta. Na gaishe ta. Ta ce, "Kai kuma a turken jakin mutane kake ta jifa? Matsa can gefen kututturen, nan ne madafinmu." Na ce a raina iya ta rikice, amma na bi maganarta. Kai! Ƙugiya ba ta gama nutsewa ba na ji an fizga, na jawo giwan ruwa, irin wanda ban taɓa kamawa a nan ba.

Ta ce, "Ka ce wa Ta-Gwaggo ta ci da kyau, hanya da nisa. Na share mata ɗaki."

Ina cire ƙugiya na ɗago, babu kowa, kuma taɓon da ta tsuguna ko sawu babu.

Aka dafa, Kande ta shanye kwano tas har da ƙari, ni kuwa ina ta murna. Sai na ba ta labari ina dariya. Da na ambaci Ta-Gwaggo ta ajiye cokali. Ta ce, "Tana da tabon wuta a hannun hagu?" Na ce akwai. Ta ce, "Inna ce. Ita kaɗai ke kira na haka." Innar nan an binne ta tun ba a tare ruwan ba, ban taɓa ganin ta ba.

Kande ba ta ga ruwan farko na daminar nan ba. Allah Ya jiƙan ta.

Har yau ina zuwa su, ina kuma yin sallama, sai dai a hankali ƙwarai. Ku ma idan kuka yi sallama a bakin ruwa aka amsa, ku naɗe fatsarku ku tafi gida, kada ku karɓi saƙon kowa.