Kar Ku Sake Gaishe Ni

Shekarar da na faɗi jarrabawar birbe ta ƙarshen koleji karo na biyu, wani tela kusa da tashar Madarumfa ya sayi tele da parabol, wato talabijin da farantin kama tashoshi, ya ɗora a shagonsa. Duk Lahadi bayan la'asar ana nuna wani dogon fim na Turawa da aka juya da Faransanci. Labarin wani kamfanin talla ne a zamanin kakanninmu, lokacin da mata ke buga wasiƙa da keken rubutu, maza kuma ba sa fita sai da hula da karabat ɗaure a wuya. Aikinsu kawai su zauna a biro, wato ofis, su ƙirƙiro maganar da za ta sa mutum ya sayi sabulun da ba ya buƙata. Kowa a cikinsu yana da abin da yake ɓoyewa, kowa yana son matar da bai kamata ya so ba, kowa yana yi wa na kusa da shi murmushi yana haƙa masa rami. Sauran 'yan kallo matan suke kallo, ni aikin nake kallo. A garinmu talla ta 'yan mata ce da tire a ka, sai ga wasu ƙatti sun mayar da ita sana'ar shiga mota. Tun daga lokacin na raina fartanyar babana.

Da ƙyar da naci na samu gurbi a wani ƙaramin gidan rediyo. Aikina karanta sanarwa: an ɓatar da akuya, wane ya rasu, za a ɗaura auren wance. Na sayi kwat a gwanjo, ina sa ta har a tsakiyar bazara, gumi yana bin bayana ina jin kaina wani abu. A ƙarƙashin sanarwar akuya nake rubuta tallace-tallacen da ba wanda ya sa ni, in karanta wa kaina.

Akwai wata mai soya kifi a hanyar tafkin garinmu, a gindin wata bishiyar bedi. Mijinta direba ne, ya mutu a hatsarin mota, ta dawo gidan uwarta da 'yarta ƙarama. Ita ta fara kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, saboda kwat ɗin, kuma duk lokacin da ta faɗa sai na ga dariya a gefen bakinta. Ina son ta. Ba na jin kunyar rubuta wannan, kunyata tana gaba. Mun yi magana cewa bayan kaka zan turo manyana, kafin nan mu rufe bakinmu, domin dangin mamacin ba su gama sa mata ido ba.

Kifinta ba ya kwana, kuma kowa ya san dalili. Idan mai saye ya ɗaga karfasa yana shinshina, ya ce ko ta jiya ce, ba ta kiran Allah ba ta kiran Annabi. Sai ta dube shi ta ce, "In na cuce ka, kar ka sake gaishe ni." Shi ke nan rantsuwarta. Mutanen ƙauyukan Gabi da Safo da ke zuwa kasuwa sun san wannan magana, wasu har tsokanarta suke yi don su ji ta faɗa. Ba a taɓa samun wanda ya daina gaishe ta ba.

Gab da damina wani Alhaji daga Maraɗi, mai motoci da ke shiga Najeriya, ya zo gidan rediyonmu. Ya ce ya kawo irin gero na zamani mai saurin nuna, jan iri a cikin leda, yana son talla da za ta shiga kunnen manoma. Ya dubi kwat ɗina, ya ce yana shirin buɗe biro na talla a Maraɗi, yana neman mai kai. Bai ce ni ba, amma ya bar maganar a gabana kamar yadda ake bar wa kaza tsaba.

Na rubuta talla ta mata da miji. Mijin yana kukan ruwa ya ɗauke da wuri bara, matar tana ba shi labarin jan iri. Ni zan yi mijin. Matar kuwa duk wadda na gwada sai ta karanta kamar mai biya allo. Na je gindin bedi na roƙi mai kifi.

"Mushe, ka rufa mini asiri," ta ce. "In inna ta ji muryata cikin radiyo ina ce ma wani namiji maigida, mi zan ce mata? Dangin uban ɗiyata hwa?"

Na ce mata muna da na'urar da ke sauya murya, ko uwarta ba za ta gane ba. Wannan gaskiya ne, muna da ita. Ta zo wata Talata da hantsi, ta lulluɓe har ido, ta shiga ta ƙofar baya. Sau biyu ta karanta takardar, a na uku ta ajiye ta, ta yi da ka. Ni da na rubuta abin sai da na ji ina son sayen irin. Da muka kai ƙarshe, inda nake cewa, "Anya kuwa, uwargida?" sai ta kwashe da dariya ta ce, "In na cuce ku, kar ku sake gaishe ni!" Wasa take yi da ni. Nan take ta kama bakinta, ta ce in goge wannan. Na ce ta ɗauka an goge.

Kwana biyu bayan haka na je sito ɗin Alhaji a tasha don in kai masa abin ya saurara. Ba ya nan, sai direbansa yana shan shayi a kan buhuna. A bayan sito na ga ana zuba hatsi a babban daro, ana barbaɗa jan gari, ana juyawa da shebur. Na tambaya. Direban ya yi dariya ya ce maiwa ce, can kudu suka saro ta da araha, kala ce kawai ake sa mata. Ni ɗan manomi ne, duk raina fartanya da na yi. Na san maiwa ba ta fitar da kai sai damina ta yi nisa. A ƙasar da ruwa ke daɗewa alheri ce, a tudun Gabi da Safo kuwa caca ce da abincin shekara. Na san wannan sarai, na zauna a kan buhu na jira Alhaji.

Da ya zo na kunna masa yadda aka ɗauka, ban riga na taɓa komai ba. Da aka kai wurin dariyar da rantsuwar sai ya buga cinya.

"Wanga wuri shi na tallar, Malam. Kar ka taɓa shi. Muryar ma ka bar ta yadda Allah ya yi ta."

Ban yi gardama ba, domin ni ma na san haka ne. Na koma na zauna gaban na'ura, hannuna a kan abin gogewa, na tuna mutanen fim ɗin tela da yadda suke yanke hukunci da sigari a hannu ba sa waiwaye. Na bar komai yadda yake. Da yamma na biya gida, na samu Baba yana gyara ƙotar kalmensa na noma, na ce masa in ya ji ana tallar jan iri kar ya saya, ya shuka namu na gado. Ya dube ni, bai tambaye ni dalili ba.

Ranar da tallar ta fita, kafin azahar duk garin ya gane muryar. Ta aiko a kira ni, na ce na'urar ce ta lalace, daraktan gidan rediyon ya saka abin ban sani ba. Ta yi kuka, uwarta ta yi kwana uku ba ta ci abincin hannunta ba, dangin mamacin suka yi ta surutu. Amma abin ya lafa, domin mutane sun ji daɗin tallar. Amalanken jakuna suka riƙa fita da jan iri zuwa ƙauyuka. Na ji da kunnena wani dattijo a tasha yana cewa shi bai san Alhaji ba, bai san rediyo ba, amma mai kifi ba ta ƙarya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda shukar ta yi kyau. Ta tashi kore shar, ta fi geron kowa tsawo da kauri. Manoma suna wucewa ta gindin bedi suna sa mata albarka, wata tsohuwa daga Safo har ƙwai ta kawo mata. Ta fara yafe mini, ta ce wataƙila Allah ya nufa ta zama sanadin alheri. Ina zaune a benci ina cin kifinta ina cewa amin, ina kallon sama ina roƙon ruwa ya daɗe. Ban taɓa yin addu'a da gaske kamar ta wannan damina ba, kuma ba don manoman nake yi ba.

Geron gado ya fitar da kai, ya yi bununi, ya ɗauki ido. Jan iri yana nan tsaye, ganye kawai. Sai ruwa ya ɗauke. Cikin mako biyu gonakin suka koma kara, ba zangarniya ko ɗaya da za a kai rumbu. Wanda ya raba gonarsa biyu ya tsira da rabi. Wanda ya yarda da ita gaba ɗaya ya tashi da abincin dabbobi. Tun kafin a gama girbi mazan ƙauyuka suka fara tsallaka iyaka neman abin da za su aiko wa iyali.

An kai maganar gaban manya. Alhaji ya rantse shi ma cutarsa aka yi a kudu, ya aiko da 'yan buhuna a raba, magana ta mutu a zaure. Ni ba wanda ya tuhume ni, an ce yaron rediyo abin da aka ba shi yake karantawa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, ita ya doka.

Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata hannu. Abin da ta ce a yi shi suka yi. Mutum zai taho ta hanyar tafki, ya gaida mai goro, ya gaida mai faci, ya zo daidai bedi ya kau da kai. Ita za ta ce ina kwana, a yi shiru. Matan da suka yi wasan ƙasa tare da ita, tsofaffin da suka san ranar sunanta, duk haka. Wanda bai taɓa zama a ƙaramin gari ba ba zai gane ba, amma gara a mare ka da a hana ka gaisuwa. Kifinta ya fara kwana. Masunta suka daina ajiye mata na farko.

Wata ranar kasuwa na biyo hanyar tare da wasu mutanen Gabi, muna hira. Muka zo daidai bedi. Ta ɗago kai ta dube ni. Mutanen suka kau da kai, ni ma na kau da nawa. Na ji ƙarar man da ke tafasa a kaskonta har muka sha kwana.

Washegari da safe na koma ni kaɗai, ba kowa a hanya. Na yi sallama, ta amsa. Ba ta yi maganar jiya ba. Tana goge kasko ta ce:

"Na ga an kai ma Baba damman hatsi gida da amalanke. Gonarshi ta yi kyau."

Na ce alhamdu lillahi.

"Bai shibka jan iri ba ke nan."

Na ce bai shuka ba.

"Wa ya hana shi, Mushe?"

Ni da nake cin abinci da baki, na sake kau da kai kamar jiya. Ta ci gaba da goge kaskonta. Bayan sati guda ta ɗauki 'yarta ta tafi wurin wata gwaggonta a Jibiya. Uwarta ta rasu shekara biyu bayan haka, ban je gaisuwa ba, na ce aiki ya riƙe ni.

Aikin kuwa na samu. Alhaji ya buɗe biro ɗin a Maraɗi, ya ba ni tebur da kujera mai juyawa. Har yau talla nake rubutawa, ta shinkafa, ta man shafawa, ta maganin sauro, kuma an ce na iya. Na sake kallon fim ɗin nan daga farko a waya. Sai a lokacin na lura cewa in ɗayansu ya yi ƙarya, ana nuna shi tsaye a bakin taga yana baƙin ciki, ana sa masa kiɗa mai daɗi. Ba a taɓa nuna wanda ya sayi sabulun ba.

Bara wani aiki ya kai ni Jibiya. A bakin kasuwa na gan ta, ta rame, tana soya kifi a ƙarƙashin rumfar kwano. Na tsaya nesa na daɗe, sannan na matsa na ce ina wuni. Ta dube ni, ta gane ni, ta ce lafiya lau, ya hanya, ya mutanen gida, duk yadda ake amsa wa baƙo, ba ta rage ko ɗaya ba. Ba ta ce Mushe ba. Na buɗe baki zan faɗi abin da na shekara da shekaru ina shiryawa, sai wani mutum ya zo ya ɗaga tarwaɗa yana shinshina, ya ce, "Anya ta yau ce?"

Na tsaya ina jiran in ji. Ta juya kifin da ke cikin mai, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ga ta nan," ta ce. "Ka duba da idonka."